Littafin da ya yi tambaya, ya kuma ba da amsa

Yau a kan wani ƙaramin littafi zan yi muku magana. Ba na ƙasarmu ba ne, ba kuma na zamaninmu ba. An buga shi a ƙasar Jamus, cikin Turai, a shekarar 1529. Yau ya kusa shekara 500. Wanda ya rubuta shi wani malamin Kirista ne mai suna Martin Luta. Sunan littafin Ƙaramin Katekisim. Kalmar katekisim daga harshen Girka ta fito, ma'anarta koyarwa da baki: malami ya faɗa, ɗalibi ya maimaita. Daga baya aka riƙa kiran littattafan koyon addinin Kirista masu tambaya da amsa da wannan suna.

Wani zai ce, ina ruwanmu da littafin Nasara? Tambayarsa tana kan hanya. Ba abin da littafin ya ce game da Allah zan auna ba. Wannan aikin malaman addini ne, kowa da nasa. Abin da ya kai ni gare shi daban ne. Don mutanen ƙauye aka rubuta shi, manoma da barori, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba. Da harshen da suke magana a gida aka rubuta shi. Kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana koyon karatu da shi. Duk mai koyar da manya, da duk wanda ya shiga karatu bayan ya girma, yana da abin gani a ciki. Wani abokin aikina Kirista ne ya ara mini fassararsa ta Faransanci. A zama ɗaya na gama shi, don bai da yawa.

Ga yadda abin ya faro. A wancan zamani, yawancin ibadar coci a yammacin Turai da harshen Latin ake yi. Harshen malamai ne, manomi ba ya jin sa. Luta ya fara jayayya da Paparoma a shekarar 1517, har abin ya kai ga rabuwa. Waɗanda suka tsaya tare da Paparoma su ne Katolika, waɗanda suka fita aka kira su Furotesta. A 1522 Luta ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Injin buga littafi kuwa ya riga ya samu tun wajen 1450, ta hannun wani Bajamushe mai suna Gutambag. Saboda haka maganar Luta ta bazu da sauri a birane.

Amma birni daban, ƙauye daban. Sarkin yankin Saksoni, inda Luta yake zaune, ya tura malamai rangadi su duba halin da cocin ƙauyuka suke ciki. A 1528 Luta da kansa ya shiga rangadin. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. Ya tarar da mutane suna kiran kansu Kiristoci, amma ba su san Dokoki Goma ba, ba su iya addu'ar da ta fi kowace sanuwa a addininsu ba. Wasu limaman ƙauye ma ba su san abin da za su koyar ba. A gabatarwar littafin ya faɗi wannan da zafi, har ya kwatanta zaman mutanen da na dabbobi. Maganar ba ta yi mini daɗi ba. Mutumin da ba a taɓa koya masa da harshensa ba, laifinsa kaɗan ne. Gaskiya dai Luta ya ɗora babban laifin a kan shugabannin coci da suka yi sakaci, kuma bai tsaya ga faɗa ba, ya zauna ya yi aiki.

Littafi biyu ya rubuta a 1529: babba don limamai da malamai, ƙarami don gida. Kafin ƙaramin ya zama littafi, a kan manyan takardu aka fara buga shi, irin waɗanda ake mannawa a bango. Ku tuna da manyan takardun da muke ratayewa a ajinmu. Dabarar tsohuwa ce. Da ya fito a matsayin littafi, an sa masa hotuna, don wanda bai san harafi ba ya ga labarin da idonsa.

Abin da ke ciki kashi biyar ne da farko: Dokoki Goma, Shaidar Bangaskiya, Addu'ar Ubangiji, Baftisma, da Jibin Ubangiji. Daga baya aka ƙara bayanin furta zunubi. Akwai kuma addu'ar safe da ta dare da ta cin abinci. Tsarinsa ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe. A kawo doka ɗaya ko jimla ɗaya ta addu'a, a tambayi ma'anarta, a ba da amsa cikin layi biyu ko uku. Koyarwa ta hanyar tambaya da amsa ba baƙuwa ba ce gare mu. Kowane almajiri ya san hadisin da Mala'ika Jibrilu ya zo cikin siffar mutum yana yi wa Annabi (SAW) tambaya a kan Musulunci da imani da ihsani, sahabbai suna saurare. Hanya ce da take riƙe hankali.

Abin da ya fi burge ni a littafin shi ne kalmominsa. Luta farfesa ne a jami'ar garin Witambag. Ya san Latin da Girkanci da Ibrananci. Da ya so, da ya cika littafin da manyan kalmomi don a ce ya sani. Bai yi haka ba. A cikin addu'ar Kiristoci akwai wurin da ake roƙon abincin yini. Da Luta ya zo bayanin wannan wuri, sai ya shiga lissafi kamar mutumin da ya leƙa gidan manomi. Ya ambaci ci da sha, ya ambaci tufa har da takalmi. Ya ambaci gida da gona da dabbobi. Ya haɗa da abokin zama na kirki, da ƴaƴa, da shugabanni masu gaskiya, da yanayi mai kyau, da lafiya, da maƙwabta nagari. Duk waɗannan, a wurinsa, suna cikin abincin yini. Ku duba fa. Manomin da ya ji an ambaci takalminsa da gonarsa a cikin littafi, ya san da shi ake magana. Wanda ya taɓa shuka hatsi sau biyu ruwa ya ɗauke, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya gane me ya sa aka sa yanayi cikin roƙon abinci.

Haka ya yi da dokokin. Dokar da ta hana sata, bai tsaya ga ɓarawon dare ba. Ya sa cin dukiyar mutum ta hanyar kaya marasa kyau da cinikin algus a ciki. Sa'an nan ya juya ta, ya ce aikin mutum ne ya taimaki maƙwabcinsa ya tsare dukiyarsa. Dokar da ta hana shaidar zur ma ya juya ta haka: a kare mutuncin maƙwabci, a kyautata masa zato. Yawancin dokokin ya ba su fuska biyu, abin bari da abin yi. Wanda ya san tiyar da aka bubbuge gindinta a kasuwa zai gane wannan bayani nan take. Na ga littattafan karatun manya da ba su kai wannan kusanci da rayuwar mai karatu ba. Akwai wanda na taɓa koyarwa da shi, ana zancen tuffa da jirgin ƙasa ga mutanen da ba su taɓa ganin ko ɗaya ba.

Wani abu kuma, Luta bai jira a gina lakwal ba. A saman kowane kashi ya nuna cewa mai gida ne zai koya wa iyalinsa, har da barorinsa. Gida ya mayar makaranta. A ƙasar da malamai ba su da yawa, wannan shawara ce mai nauyi.

To, amma littafin yana da nasa aibu, kuma aibun yana manne da abin da ya sa ya yi ƙarfi. Luta ya umarci masu koyarwa su zaɓi lafazi ɗaya su tsaya a kansa shekara da shekaru, kada su canja ko gaɓa ɗaya. Ya ce a fara da hadda, kalma bayan kalma, sa'an nan a zo ga ma'ana. Dalilinsa shi ne, idan ana canja wa mai koyo lafazi kullum, zai rikice. Wannan gaskiya ne, kowane malami ya sani. Sai dai hadda tana da sauƙin dubawa, fahimta kuwa tana da wuya. Malamin da ya gaji, ko wanda shi ma bai gane ba, zai tsaya ga mai sauƙin. Yaro ya rera amsa, a ce madalla, a wuce.

Na ga irin wannan da idona. A wata cibiyar karatun manya da na koyar, akwai wani dattijo mai kaifin ƙwaƙwalwa. Kowane shafi muka karanta sau biyu, ya riƙe shi. Idan na ce ya karanta, sai ya ɗora yatsa a kan layi ya zuba shi babu kuskure. Na yi wata biyu ina yabon sa a gaban jama'a. Ran nan na ɗauki kalma ɗaya daga tsakiyar shafin, na rubuta ta ita kaɗai a allo. Kalmar rumbu ce. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi shiru. Ba shi ya gaza ba. Ni ne na yi ta auna abin da ba shi nake koyarwa ba. Sai da muka koma baya, gaɓa gaɓa, kafin damina ta kama ya fara karatu na gaske.

Abin da ya faru a ajina ya faru a Jamus, ƙasa guda. Bayan Luta ya mutu a 1546, an ci gaba da rangadin ƙauyuka, masu rangadin suna rubuta abin da suka gani. Wani masanin tarihi na Amurka, Gerald Strauss, ya karanta waɗannan rahotanni masu yawa, ya buga littafi a kansu a 1978. Ya tarar da kuka iri ɗaya a wurare da dama, shekaru da yawa bayan fitowar katekisim. Mutane ba sa zuwa darasi. Yara suna rera amsa, amma da an juya tambayar kaɗan sai su tsaya. Manya sun manta abin da suka haddace suna yara. Wasu masana sun yi masa gardama, sun ce mai rangadi ya fi rubuta abin da ya lalace, kuma akwai yankunan da aka samu sakamako mai kyau. Suna da hujja. Amma kukan ya yi yawa, ba a share shi da hannu ɗaya.

Akwai kuma maganar tilas. A gabatarwar, Luta ya ce wanda ya ƙi koyo a hana shi Jibin Ubangiji, kada kuma ya tsaya wa jariri a wurin baftisma. Bai tsaya nan ba. Ya ce iyaye da iyayen gida su hana irin wannan mutum ci da sha, su gaya masa sarki zai kore shi daga ƙasa. A nan na rabu da shi. Mutumin da ya ce abincin yini kyautar Allah ce, shi ne kuma ya mayar da shi bulala. Bara mai jin yunwa zai haddace ko mene ne, amma cikinsa yake yi wa hadda.

Abin da ya fi damu na shi ne tambayoyin da babu su a littafin. Shekara huɗu kafin a buga shi, a 1525, manoman Jamus sun yi babban bore. Sun rubuta buƙatunsu guda 12, an buga su an rarraba. Sun ce a bar kowane ƙauye ya zaɓi limaminsa. Sun ce a daina riƙe su kamar bayi. Sun nemi a bar su su kama kifi, su yi farauta, su saro itace a dajin da masu ƙasa suka ƙwace. Sun nemi a rage musu aikin tilas. Kuma da Littafi Mai Tsarki suka kafa hujja. Da farko Luta ya tsawata wa ɓangare biyu, ya gaya wa sarakuna zaluncinsu ne ya jawo abin. Da faɗa ya ɓarke kuwa, sai ya rubuta wata takarda mai zafi, ya ce sarakuna su murƙushe masu boren. An kashe manoma masu yawan gaske. Masana tarihi suna kai adadin har wajen 100,000.

Waɗanda suka tsira, da ƴaƴansu, su ne aka miƙa wa Ƙaramin Katekisim. A ciki, dokar girmama iyaye ta haɗa da girmama iyayen gida da masu mulki. A ƙarshensa akwai jerin ayoyi da ke nuna wa kowa matsayinsa: hukuma, miji, mata, iyaye, ƴaƴa, barori, iyayen gida. An gaya wa manya nasu nauyin, ban musa ba. Amma babu inda bara zai tambaya me zai yi idan ubangidansa ya zalunce shi. Mai littafin shi ya zaɓi tambaya, shi ya rubuta amsa. Ɗalibi bakinsa kawai ake bukata. Manoman da suka iya rubuta buƙatu 12 sun nuna suna da tambayoyi nasu. Ba a ba su ko layi ɗaya ba.

Duk da haka littafin ya ci kasuwa, har abokan gabansa suka bi hanyarsa. Wani malamin Katolika mai suna Kanisiyus ya fitar da nasa a 1555, ya biyo da ƙanana don yara. A 1563 wasu Furotesta suka buga na garin Haidalbag, mai tambaya 129, aka raba shi kashi 52 don kowace Lahadi ta samu nata. A nan wani abu ya faru wanda ba shi aka nufa ba. Tun da ana son kowa ya koya da harshensa, dole aka rubuta harsunan da ba a taɓa buga littafi da su ba. Littafin farko da aka buga da harshen Lituwaniya, a 1547, katekisim ne, da darasin haruffa a gabansa. Littafin farko da aka buga a Amurka ta Kudu, a birnin Lima a 1584, katekisim ne da Sifaniyanci da harsuna biyu na mutanen ƙasar, Kecuwa da Aimara. A 1624 aka buga wani a Lisbon da harshen Kikwango, na mutanen Kwango a nahiyarmu. Sai dai a Lima da takobin masu mulkin mallaka littafin ya zo, kada a manta.

Inda za a fi ganin ƙarfin littafin Luta da iyakarsa tare, shi ne ƙasar Suwidin, can arewacin Turai. Ƙasar manoma ce a lokacin, mai sanyi, gidaje a warwatse, lakwal kaɗan. A 1686, zamanin sarki Karl na 11, aka kafa dokar coci wadda ta ce kowa ya koyi karatu, yara da barori maza da mata, don ya ga maganar addini da idonsa. Ba a gina makarantu ba. Iyaye aka ɗora wa aikin, kuma a gidaje da yawa uwa ce malama. Limami kuwa yakan zaga shekara shekara. A tara gidaje kaɗan a wuri ɗaya, ya jarraba kowa, babba da yaro, a gaban maƙwabta. Yana da babban littafi mai sunan kowa. Wanda bai san katekisim ba ana iya hana shi Jibin Ubangiji, ana iya tsayar masa da aure. Saurayin da yake son aure, kun san ba zai yi wasa da karatu ba.

Wani abu a cikin littattafan limaman nan ya cancanci yabo. A da yawa daga cikinsu ba maki ɗaya ake ba mutum ba. Akwai gurbin karatu a cikin littafi, akwai gurbin hadda, akwai gurbin fahimta. Sun gane abu uku ne daban daban. Da na san da wannan tun farko, da ban yi wata biyu ina yabon dattijon nan a kan abin da bai iya ba. Waɗannan littattafai suna nan ajiye har yau. Wani masani ɗan ƙasar, Egil Johansson, ya bincike su. Ya nuna cewa kafin shekarar 1800 mafi yawan mutanen Suwidin, maza da mata, sun iya karatu. Ƙasar talakawa ta yi abin da ƙasashe masu arziki ba su yi ba a lokacin.

Amma gurbin rubutu fa? Ba a saba tambayar sa ba. Coci tana bukatar mutum ya karanta abin da aka rubuta masa. Ba ta bukatar ya rubuta nasa. Saboda haka aka samu jama'a mai yawa da ta iya karatu, amma kaɗan ne suka iya riƙe alƙalami, musamman a cikin mata. Ku yi tunanin wannan mutum. Yana buɗe littafin waƙoƙin coci ya karanta. Amma idan ɗansa ya yi tafiya, ba ya iya aika masa da wasiƙa sai ya nemi wani. Idan ya ba da bashin hatsi, ba ya iya rubuta yawansa. Idan aka zalunce shi a kan lanho, sai ya biya mai rubutu ya tsara masa ƙara, kuma ba lallai abin da ya faɗa aka rubuta ba. Sai bayan dokar 1842, wadda ta ce a buɗe makaranta a kowane yankin coci, rubutu ya fara shiga gidajen talakawa sosai. Tsakanin dokar karatu da dokar makaranta, shekara 156 ke nan.

Bayan na mayar wa abokina da littafinsa, na canja abu ɗaya a ajina. A ƙarshen darasi nakan ajiye alli a kan tebur, in ce wanda yake da tambaya ya zo ya rubuta ta da hannunsa. Kwana uku babu wanda ya tashi. A na huɗu wata mata mai goyo ta tashi. Ta daɗe a gaban allo, ta goge sau biyu. Tambayarta a kan sikelin da ake auna musu gujiya ce: wa yake auna shi kansa sikelin? Ban san amsar ba ran nan. Muka rubuta wasiƙa tare zuwa ga shugabannin ƙungiyar manoma, mutum 23 suka sa hannu, kowa da sunansa.